Tambayoyinku kan ƙwadago: “Maigida ya ce in huta, a bar zancen kuɗi”

Wannan watan wasiƙu huɗu suka zo mini kan magana guda, wato ba ma'aikaci hutu a madadin kuɗin awannin da ya ƙara, uku daga masu aiki, ɗaya daga mai ba da aiki, sai na haɗa su wuri ɗaya. Kamar kullum na cire sunaye da sunayen wuraren aiki, don ba na son shafin nan ya zama sanadin korar kowa.

Tambaya: Baba, barka da ƙoƙari. Ni ne mai riƙe da makullin magaza a wani kamfani da ke sayen albasa daga Galmi da Tamaske yana lodinta zuwa Abijan da Akara. Albashina jika 87 a wata, wato sefa dubu 87, aikinmu Litinin zuwa Juma'a, awa takwas-takwas. Da kakar albasa ta kama, sati tara cur ina ƙara awa biyu kullum da marece, Asabar kuma in yi awa shida. Har Lahadi biyu na fito saboda kamyo ya iso, su ban ma lissafa ba. Da na je wurin maigida kan kuɗin awannin, sai ya ce kuɗi suna hanya, masu saye ba su biya ba tukuna, in kasuwa ta lafa in ɗauki sati biyu in huta, an yi rekup ke nan, wato an rama mini da hutu. Abokan aikina sun ce in gode wa Allah, wani wurin ko hutun ba a bayarwa. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Doka ta yarda da haka? In karɓa ko in ƙi?
— Mai karatu daga unguwar Wadata, Tawa

Amsa: Ɗana, ranka bai kwanta ba ne don ya riga ka yin lissafi. Zo mu yi shi a takarda.

Awa biyu sau kwana biyar, goma. Ka ƙara shida na Asabar, 16 ke nan a sati. Sau tara, awa 144. In an yanka su takwas-takwas, kwana 18 ne na aiki. Sati biyun da aka yi maka tayi kuwa kwana 10 ne na aiki, awa 80, tunda Asabar da Lahadin da ke cikinsu naka ne tun asali, ba wanda ya ba ka su. Ka ga tun ba mu buɗe littafin doka ba, awa 64 sun bi iska.

Yanzu a mai da su kuɗi. Mu masu lissafin albashi muna raba albashin wata da 173,33, wato awa 40 sau sati 52 a raba wata 12, abin da ya fito shi ne kuɗin awa ɗaya. Naka ya kama dala 100, sefa 500 ke nan, da ɗan abin da ba a rasa ba. Awa 144 sun tashi jika 72. Wannan kuɗin awa ne tsura, ba a ɗora masa komai ba tukuna.

Doka kuwa tana ɗorawa. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta tsai da satin aiki a awa 40, ta ce duk awar da ta haura haka sai an biya ta da ƙari. Adadin ƙarin yana cikin dokar zartarwa ta watan Agusta 2017 da yarjejeniyar sana'o'i ta tsakanin masu ba da aiki da ma'aikata, kuma hawa-hawa ne kamar tsani: awa takwas na farko bayan 40 da farashinsu, abin da ya wuce awa 48 ya fi su tsada, na dare da na Lahadi da ranakun hutun ƙasa irin su 1 ga Mayu da 3 ga Agusta da ranar sallah suna can sama. Kai rabin awanninka a hawa na biyu suke, tunda kana kai 56 a sati. Don misali kawai, mu ce rubu'i aka ɗora a kan duka ba tare da bambanta hawa ba: jika 72 ta koma jika 90, ta ɗara albashinka na wata. In hutu za a mai da su, awa 180 ne, kwana 22 da rabi. Wannan ne za a shafe da kwana 10 da “Allah ya yi albarka”.

Awa 40 ɗin nan ma ba kyautar kowa ba ce. Sai da ma'aikatan ƙasashenmu na Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka suka ajiye aiki gaba ɗaya ranar 3 ga Nuwamba 1952 kafin Faransa ta fito da dokar ƙwadago ta ƙasashen da take mulka, ranar 15 ga Disamba na shekarar. Daga can muka gaje ta. Shi ya sa in na ji saurayi yana cewa “ai awa biyu ba wani abu ba ne”, sai in tuna kakanninsa sun yi kasadar abincinsu a kanta.

To, amsar tambayarka ta farko: abin da doka ta ambata kuɗi ne. Hutu a madadin kuɗi shiri ne tsakaninka da maigida, sai da yardarka, kuma ƙa'idar dokar ƙwadago ita ce shiri yana iya ƙara wa ma'aikaci a kan abin da doka ta ba shi, amma ba ya rage masa. Maigida ba zai wayi gari shi kaɗai ya ce ya mai da bashin kuɗi bashin hutu ba, balle ya yanke rabi.

Kalmar rekup ɗin nan ma tana ruɗa mutane, don abu biyu ake kira da ita. A takardun doka asalinta ramuwa ce: wuta ta ɗauke wuni guda, ko ruwa ya cinye hanya, ma'aikata duka suka zauna ba aiki, sai a rama awannin da aka rasa daga baya, a biya su da farashin kullum. Nan ma'aikaci ne ke rama wa kamfani. Wadda ake faɗa a bakin magaza kuwa akasin haka ce, kamfani ne ke rama wa ma'aikaci. Wasu masu gida suna haɗa biyun a tukunya ɗaya, su ce awa da awa, kamar an ari mudun hatsi an maido mudu. Ai awar ƙarfe bakwai na marece, lokacin da ya kamata kana gida yaranka na cin tuwo, ba ɗaya take da awar hantsin Talata ba. Dalilin ƙarin ke nan.

Ƙasashen da suka tsara abin a rubuce sun gane haka. A Faransa, inda satin aiki awa 35 ne, in ba yarjejeniyar da ta ce wani abu dabam, awa takwas na farko ana ƙara musu kashi 25 cikin 100, na bayansu kashi 50. An yarda a musanya su da hutu, amma ƙarin yana bin hutun: awar da ke da kashi 25 ta zama hutun awa ɗaya da minti 15, mai kashi 50 ta zama awa ɗaya da rabi. A Amurka abin ya fi tsanani. Dokarsu ta 1938 ta wajabta biyan awa ɗaya da rabi kan kowace awa ta ƙari, kuma kamfanin 'yan kasuwa ba shi da ikon ba ma'aikacin da dokar ta shafa hutu a madadin kuɗin. Tun 1985 an buɗe ƙofar ga hukumomin jihohi da na garuruwa, su ma awa ɗaya da rabi kan kowace awa, kuma ba a tara fiye da awa 240, ko 480 ga 'yan sanda da masu kashe gobara. Abin da ya haura sai kuɗi. Me ya sa suka sa iyaka? Don sun san hutun da aka tara ya yi yawa ba a cinsa.

Ni na san wannan a jikina, ba a littafi ba. Shekara 23 na yi ina lissafin albashi a wani kamfanin sufuri. Bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu 1994, kuɗi suka yi wuya, kayan gyaran mota suka ninka, sai darektanmu ya tara mu a gareji ya ce daga yau ba kuɗin awannin ƙari, a riƙa rubutawa, kowa zai huta in abubuwa sun daidaita. Mutumin kirki ne, ba na zarginsa da niyyar cuta. Na je kasuwa na sayo kaye mai shafi 200, na ja layuka da kireyo, kowane ma'aikaci da shafinsa. Shekara uku ina rubutawa. In mutum ya ce zai ɗauki kwana biyu, sai a ce bari wannan lodin ya wuce. Lodi kuwa ba ya ƙarewa.

Rannan aka canja darekta. Na ɗauki kayen na kai wa sabon, har da alfaharina. Ya juya shafi uku, ya duba bango, ya ce: “Ina tambarin kamfani? Ina sa hannu?” Babu. Ya tura mini shi da yatsa ɗaya, ya ce wannan littafinka ne, ba na kamfani ba. Kwanana 41 suka tafi. Nawa da sauƙi. Akwai wani makanike, mutumin wajen Buza, wanda ya sha kwana ƙarƙashin kamyo da fitila a baki, nasa sun haura 60. Bai iya karatu ba, kowane ƙarshen wata yakan leƙo ofis ya ce in karanta masa shafinsa, ya yi murmushi ya fita. Ranar da na gaya masa abin da ya faru bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce: “Malam, ai kai ka riƙe alƙalamin.” Har yau in na ga kaye mai irin wannan bango sai gabana ya faɗi. Minti biyar ne zai ɗauke ni kowane wata in kai a buga tambari, ban yi ba, don ina ganin tsakanin mutanen arziki ba a haka.

Allah kuwa ya riga ya gaya mana. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi mai wa'adi take, da kafa shaidu. Hutun da aka ce za a ba ka nan gaba bashi ne mai wa'adi, ba wani abu ba. Rubuta shi ba rashin yarda ba ne.

Duk da haka ba zan ce maka ka ƙi hutu ba, kuma a nan nake rabuwa da wasu abokaina na sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, da ke cewa kuɗi ko ba komai. Mu a Adar, yankinmu na Tawa, mun san darajar kwana a lokacinsa. Kasuwar albasa tana lafawa ne daidai sanda gizagizai ke haɗuwa. In kana da gona a ƙauyenku, kwana goma a lokacin shuka ko noman farko suna iya fin jika 40 amfani, don in ba ka je ba sai ka biya 'yan barema, kuma ba za su yi maka kamar yadda za ka yi wa kanka ba. Wani kuma mahaifiyarsa ce ba lafiya, wani yana da jarrabawa a gaba. Hutun da kai ka zaɓi ranarsa dukiya ne. Wanda aka ba ka ranar da dama magaza babu kowa sai ƙudaje, kamfani ne ya huta da biyanka.

Ga yadda zan yi in ni ne kai. Kafin ka buɗe baki, tara shaidarka: takardun lodi masu kwanan wata, littafin mai gadi in yana rubuta shiga da fita, saƙonnin WhatsApp da aka kira ka da su ran Lahadi. Ka rubuta awanninka sati-sati a takarda ɗaya. Sannan ka sami maigida shi kaɗai, bayan la'asar, ba gaban leburori ba. Tawa ƙaramin gari ne, gobe za ku haɗu a ɗaurin aure ko a jana'iza, kar ka kunyata shi. Ka ce masa: “Alhaji, na san kuɗi ba su shigo ba, ban zo takura ba. A ba ni kwana 10 in ruwa ya sauka, sauran a biya ni kashi biyu, wata mai zuwa da na bayansa.” A rubuta adadin awannin da ƙarinsu, ranakun da za ka huta da kwanan watansu, da cewa albashinka cikakke ne a ranakun, da cewa abin da ba ka ci ba zuwa wata kaza ya koma kuɗi. Takarda biyu, sa hannu biyu, tambari. Ɗaya a aljihunka, ba a durowar ofis ba.

Ka kula da tarko guda: kar a cire kwanakin nan daga konjinka, wato hutunka na shekara. Doka ta ba ka kwana biyu da rabi kan kowane watan aiki, 30 ke nan a shekara, kuma wannan rumbu ne dabam. Na sha ganin wanda aka ba rekup a Yuli, da ya zo neman konji a Disamba aka ce ai ka ci rabi. Abin da aka biya da kuɗi kuma ya fito a biltan ɗinka, wato takardar albashinka, da sunansa, kar a miƙa maka a ambulan kamar goron sallah.

Lahadi biyun da ba ka lissafa ba, lissafa su. Su ne ma mafi tsada.

In ya ƙi sauraro, wurin da ma'aikata suka haura goma ya kamata a ce akwai delege, wato wakilin ma'aikata, wannan aikinsa ne. In babu, ko ya zama ɗan amshin shata, ofishin ansipektan ƙwadago, jami'in gwamnati mai sa ido kan bin dokar aiki, yana nan Tawa, ba sai ka je Yamai ba. Zai kira ku ya gwada sulhu, in ya ci tura a wuce kotun ƙwadago, kuma ba a biyan kuɗin shari'a a can. Amma ba zan ɓoye maka ba: wanda ya kai maigidansa ansipekta, zaman da ke tsakaninsu ba ya komawa yadda yake. Ka gwada ƙofar farko da gaske kafin ka taɓa ta biyu. Abin da ba na so shi ne ka yi shiru shekara da shekaru, don bashin albashi yana da wa'adi a doka, in ya wuce ko alƙali ba ya iya karɓo maka.

Abokan aikinka da suka ce ka gode wa Allah, gaskiyarsu, ka gode masa. Godiya ba ta hana lissafi.

Tambaya: Malam, ni mai gadi ne a Yamai, kamfanin gadi ya ajiye ni a ƙofar wani gida a Filato. Ƙarfe shida na marece zuwa shida na safe, kullum, ba Juma'a ba Lahadi. Albashi jika 45. Watan jiya aka ba ni kwana ɗaya aka ce rekup ne na awannin da na ƙara. Shekaruna 54, ƙafafuna sun fara kumbura. Ɗana ne ya rubuta mini wannan.
— Mai gadi, Yamai

Amsa: Ɗan'uwana, sannu da dare. Awa 12 sau bakwai, 84 ke nan a sati, albashinka kuma da kaɗan ya ɗara mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya tashi daga sefa 30.047 zuwa jika 42 a watan Janairu 2024.

Sai dai kar ɗanka ya cire 40 daga 84 ya ce saura duk ƙari ne, za a kayar da ku a nan. Doka tana ɗaukar gadi cikin ayyukan da akwai zama a cikinsu, don haka mai gadi sai ya yi awannin da suka fi 40 kafin a fara ƙirga masa ƙari. Ni dai ban taɓa yarda cewa wanda ya kwana ido biyu yana sauraren motsi hutawa yake ba, amma haka aka rubuta. Ansipekta zai nuna muku inda layin yake, abin da ya haura shi kuma naka ne.

Inda ba gardama shi ne hutun sati. Kowane ma'aikaci yana da awa 24 a jere kowane sati, bisa al'ada Lahadi, in aikin bai yarda ba a ba shi wata rana. Wannan ba a sayar da shi, ba a tara shi. Kwana ɗayan da aka ba ka ba ramuwar komai ba ne, ɗaya ne cikin huɗun da ya kamata ka samu a watan. An ciri kuɗi a aljihunka an ba ka sadaka da shi. Ka nemi a sa mai canjinka rana ɗaya a sati, kuma ku je ku da yawa, don na tabbata ba kai kaɗai ba ne a kamfanin. Ƙafafun nan kuma kai su likita a auna hawan jini, kar ka jira rekup.

Tambaya: Baba, ni infirmiya ce a wata kilinik mai zaman kanta a Yamai. Duk kwanan aikin da muka yi fiye da ƙa'ida ana rubuta shi a rajista, manjo, wato shugaban infirmiyoyi, yana sa hannu. Nawa sun kai kwana 26, ban samu na ci ba saboda ƙarancin ma'aikata. Yanzu zan yi aure in koma Maraɗi, na ba da sanarwar barin aiki. Mai lissafi ya ce hutun da ba a ci ba ya mutu. Haka ne?
— 'Yarka, daga Yamai

Amsa: 'Yata, Allah ya sa alheri, ya ba da zaman lafiya. Hutun bai mutu ba. Ba kyauta aka yi miki ba da za a ce ta koma wa mai ita, aiki kika yi ba a biya ki ba, aka ce ki jira. In lokacin cin hutun ya ƙure, bashin ya koma asalinsa, wato kuɗi. Ko Amurkawan da na ambata a sama, dokarsu ta ce ranar da ma'aikaci ya bar aiki a biya shi abin da ya tara.

Kin fi ni sa'a, naki rajistan da sa hannu. Gobe da safe, kafin ki sake yi wa kowa maganar, ɗauki hoton kowane shafi da sunanki yake. Rajista tana da ƙafa, takan ɓace a irin wannan lokaci. Sannan ki rubuta wa darekta, ba mai lissafi ba, ki ba shi zaɓi: ko ki ci kwanakin kafin ranar tafiyarki, ko a sa kuɗinsu a lissafin ƙarshe tare da na konjin da ya rage miki, kowanne a layinsa. Ranar karɓa za a miƙo miki takardar da ke cewa kin karɓi dukkan haƙƙinki. Ki zauna ki karanta, ko da 'yan kai amarya na jira a waje. In kwana 26 ba su ciki, ki rubuta haka da hannunki a saman sa hannun.

Masu aikin gwamnati da ke karanta wannan, ku dokarku dabam ce, ta ma'aikatan gwamnati, ba wannan ta ƙwadago ba. In kuna da tambaya ku aiko, mu ware mata rana.

Tambaya: Malam, kullum masu aiki kake karewa, yau ga mai ba da aiki. Ina da shagon ɗinki kusa da babbar kasuwa, teloli huɗu ina biyansu albashin wata, ban da yara masu koyo. Kwana 20 na ƙarshen azumi muna kaiwa ƙarfe biyu na dare. Bayan sallah nakan rufe shago kwana 10, in biya su cikakken albashi. Shekara takwas haka muke, ba wanda ya yi ƙorafi. Yanzu ɗaya ya ce kuɗi yake so. Na zalunce su ne?
— Hajiya mai ɗinki, Tawa

Amsa: Hajiya, wanda ke tambaya ko ya yi zalunci, da wuya ya zama azzalumi. Kuma kin fi da yawa, don wasu in sun rufe shago albashin ma rufewa yake. Amma tunda kin tambaya, zan faɗa.

Shirun shekara takwas ba yarda ba ne. Tela ba zai iya kallon idon wadda ke ba shi abincin buɗa baki ya ce ta biya shi awa ba. Wanda ya yi magana yanzu, wataƙila bakin sauran uku ne.

Ki yi lissafi irin na ɗan Wadata. In suna ƙara awa shida kowane dare, kwana 20, awa 120 ke nan kowannensu, wani sashe a tsakiyar dare, ga kuma Lahadin da suka faɗo ciki. Kwana 10 da kike rufewa, in kin cire ranar sallah da Lahadi, waɗanda dama nasu ne, abin da ya rage takwas ne, awa 64. Sannan ki tambayi kanki tsakani da Allah: satin bayan sallah wa ke kawo ɗinki? In kin buɗe ma zaman hira za a yi. Rufewar tana yi miki amfani kamar yadda take yi musu.

Ban ce ki daina ba, don jikin da ya yi kwana 20 a kan keke yana bukatar kwanciya, kuma wasunsu ƙauye za su je gaida iyaye. Ki raba abin biyu. Hutun bayan sallah ya tsaya a madadin wani sashe, sauran, musamman na dare, ki biya da kuɗi. Ki tara su tun kafin azumi ku yi maganar, kowa ya faɗi wanda ya fi so, a rubuta a kaye, su sa hannu ke ma ki sa. In kin ce ribar ba za ta ɗauka ba, to kuɗin ɗinkin sallah ne bai kai ba. Mai kawo shadda ranar 27 ga azumi tana son ta ranar 29 ta san gaggawa take saye, ki ɗora mata, ta biya. Yaran masu koyo kuwa ki sallame su da wuri, aikin dare ba na ƙananan yara ba ne, doka ma ta hana.

Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya ce a ba ɗan ƙwadago ladarsa kafin guminsa ya bushe. A shagon ɗinki lokacin a bayyane yake: telan da ya ɗinka wa rabin unguwa kayan sallah, shi ma yana da 'ya'yan da ke jiran takalmi, kuma kasuwa ba ta karɓar hutu. Daren jajibiri, in an ɗinke rigar ƙarshe an share ƙyallaye, ki sa wa kowa nasa a hannu kafin ki rufe ƙofa.